Guzuri a Kula, Tsaraba a Kyamara

Da sanyin safiyar Asabar, tun rana ba ta ɗaga ba, tashar Ƙofar Ruwa a Kano ta riga ta kacame. 'Yan kamasho na kiran Katsina da Daura, mai shayi na ta shiƙa, masu dako na cusa buhuna a but har murfin ya ƙi rufuwa. A cikin fasinjoji ba a rasa wani wanda kayansa ba su kai na kowa ba: jakar goyo ɗaya, 'yar kula a leda, gorar ruwa, sai wani abu da ya naɗe cikin tsohon hirami ya ɗora a cinya kamar jariri. In na kusa da shi ya ce, "Malam, ina aka nufa?" ya amsa da cewa Daura, tambaya ta biyu ba ta wuce, "Lafiya dai ko?"

Lafiya lau. Ba biki za shi ba, ba ta'aziyya ba, ba kuma sari ba. Zai je ne ya ga gari, ya ci abincin mutanen garin, ya ɗauki hoto, ya komo gida ranar Lahadi kafin magariba. Abin da ke cikin hiramin kyamara ce ta hannu, wadda ta girmi wasu 'yan makarantar firamare, abin da ke cikin kular kuwa shi ya dafa da kansa daren jiya.

Irin waɗannan mutane suna ƙaruwa a biranen Arewa, kuma galibinsu ba masu hannu da shuni ba ne. Akwai malamin sakandare, akwai ma'aikaciyar jinya da ke haɗa kai da ƙawayenta su yi tafiyar yini ɗaya, akwai ɗalibi, akwai tela. Abubuwa uku suka haɗa su, girki da tafiya da hoto, kuma dukkan ukun ana yi musu kallon shagalin masu kuɗi ko na Turawa 'yan yawon buɗe ido. Wannan kallo bai yi adalci ba. Harshen Hausa ya daɗe da tanadar wa matafiyi kalmomi biyu da suka kama harkar gaba da baya: guzuri, abin da ake fita da shi daga gida, da tsaraba, abin da ake komowa da shi. Tukunya ce ke ba da na farko, kyamara ta ba da na biyu, hanya kuma tana tsakani.

Ko rubuta labarin tafiya ma ba baƙon abu ba ne a nan. Dorugu, yaron da aka haifa a ƙasar Damagaram, ya bi Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, har Ingila a 1855, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa aka rubuta. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya wallafa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya yi nasa, Motsi Ya Fi Zama. Kafin su duka akwai fatake da ke shafe watanni a hanyar Gwanja neman goro, ba otal, ba gidan abinci, sai zango. Waɗannan fatake su ne malaman duk mai son tafiya da ɗan kuɗi kaɗan, domin sun warware matsalar da ke cinye aljihun matafiyi tun kafin a ƙera mota: me za a ci a hanya wanda ba zai lalace ba?

Amsarsu tana nan a ɗakin girkin kowace uwa. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, daƙuwa, nakiya, dabino, aya, gari. In aka lura, sirri ɗaya ne ke cikinsu, wato korar ruwa. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da abinci ba sa yaɗuwa sai da laima. Mai kilishi na yanka nama siriri kamar takarda ya shanya, ya tsoma shi cikin labu na tunkuza da kayan yaji da gishiri, ya sake shanyawa, sannan ya gasa. Kowane mataki ruwa yake ragewa. Shi ya sa kilishin da aka yi da kyau zai yi makonni, amma balangun da aka naɗo a takarda da rana ba shi da tabbas in ya kwana.

Dambun nama ya fi sauƙin yi a gida, kuma a nan ne sabon shiga ke fara gane cewa girki haƙuri ne. Ana dafa nama marar kitse da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har ruwan ya tsotse a jikinsa, a daka a turmi har ya zama zare-zare, sannan a soya a wuta kaɗan ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya yi gaggawa ya ƙara wuta zai samu waje ya ƙone, ciki da danshi, bayan kwana uku ya buɗe roba wari ya tare shi. Kuskure na biyu shi ne rufe shi da zafinsa. Tururin da ya taru a murfi zai koma ciki, aikin awa uku ya tashi a banza. A baza shi a faranti ya huce sarai, sannan a zuba.

Abin da ya kamata matafiyi ya yi hattara da shi kuwa shi ne wanda aka fi so, shinkafa da miya a kula. Masana lafiyar abinci sun nuna cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin Salshiyas, kuma kular da aka cika da asuba ta shiga wannan zango tun kafin azahar. Shinkafa ma tana da nata abokin gaba, wata ƙwaya mai suna Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta kashe irinta, sai ta jira abinci ya yi ɗumi-ɗumi ta farka ta saki guba. Don haka masu tafiya da yawa sukan raba guzuri gida biyu: mai laima, kamar dambun tsaki da zogale, a cinye shi a zangon farko, busasshe kuma a ajiye wa gobe. Gyaɗar da za a yi daƙuwa ko ƙuli da ita a tsince ta da kyau, duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, domin a cikinta ake samun gubar aflatoksin mai lahanta hanta.

Me ya sa za a sha wannan wahala alhali ga masu abinci a kowace tasha? Lissafi ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin mota ya ninka, ya sake ninkawa a wasu hanyoyin. Kuɗin tafiya kashi uku ne, mota da masauki da abinci. Na mota ba a hannun fasinja yake ba, iyakarsa ya shiga ta cikin tasha mai rajista maimakon ta bakin titi, wadda ko ta fi araha ba a san hannun wa aka faɗa ba. Masauki ana iya rage shi in akwai ɗan'uwa ko tsohon abokin makaranta a garin, da sharaɗin a tuna cewa baƙo raɓa ne, kwana ɗaya ko biyu, kuma ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Ledar dambun nama da mutum ya yi da hannunsa ta fi lemon kwalba daraja a idon uwargida. Abinci ne kaɗai kason da matafiyi ke da cikakken iko a kansa, kuma abin da ya tsira daga nan shi ne kuɗin shiga gidan tarihi da na ɗan jagora.

Akwai jirgin ƙasa ga wanda hanyarsa ta bi ta nan. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ya fara aiki a watan Yulin 2016. An dakatar da shi bayan harin 28 ga Maris ɗin 2022, aka dawo da shi a watan Disambar 2022. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya tuna wa mai sha'awar yawo cewa zancen tsaro ba abin wasa ba ne. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce ta fi kowace taswira: a tashi da safe, a isa da rana, a tambayi mutanen tasha halin da hanya ke ciki a wannan makon, ba a bara ba. In suka ce a haƙura, a haƙura. Garin ba zai gudu ba.

Wuraren zuwa kuwa sun fi ƙarfin hutun ma'aikaci. Daga Kano, ta Dambatta da Kazaure, mutum zai kai Daura kafin hantsi ya yi nisa, ya ga rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da macijiya ya ɗaukaka, har ya sha ruwanta. A Zariya akwai tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda bakan gizonsa har yau masana gine-gine ke zuwa kallo. A Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen dā a jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Wanda ya tara ɗan abin da ya fi haka sai ya nufi Yankari a jihar Bauchi, inda ruwan Wikki ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin digiri 31 rani da damina; lokacin rani ya fi, domin namun daji na taruwa a bakin kogin Gaji. Mai fasfo ko takardar tafiya kuma, in iyaka na buɗe, hanyar Daura ce dai ke zarcewa ta Kwangwalam da Matamaye har Damagaram, inda unguwar Birni da fadar Sultan ke jiran mai kyamara.

Abin dariya shi ne Kanawa da yawa sun je Dubai ba su taɓa hawa Dala ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Karofin Ƙofar Mata ana danganta kafuwarsa da 1498. Gidan Makama yana daf da fada. Duka ukun kuɗin adaidaita ne.

Guzuri ba ya nufin a ƙi abincin gari. Akasin haka ne ma: ana riƙe ciki da abin gida don a kashe ɗan kuɗin da ke akwai a kan abin da garin ya shahara da shi, kuma a nan ne tafiya ke komawa makarantar girki. Wanda ya zauna a benci gaban mai masa a Bauchi da safe, ya zuba ido, zai koyi abin da bidiyo ba ya nunawa. Zai ga kaurin ƙullun yadda yake zuba daga ludayi, ya ga yawan man da ake ɗigawa a kowane gurbin tanda, ya ga lokacin da gefe ke yin ja kafin a juya. In ya yi gaisuwa da ladabi ya ce, "Baba, wannan ƙullun tun yaushe aka kwaɓa shi?" sau da yawa zai samu amsar da ta fi tambayar: an jiƙa shinkafar tuwo, an dafa kaɗan daga ciki an haɗa da ɗanyar aka niƙa, an sa yis aka bar shi ya tashi, da safe aka ɗiga ruwan kanwa don a kashe tsami. Zai kuma ji cewa ƙullun bazara da na hunturu ba ɗaya ba ne. Zafi na gaggauta tashi, sanyi na jinkirta shi, shi ya sa wanda ya kwafi awanni daga takarda ba tare da duban yanayi ba yakan samu masa mai tsami kamar tsamiya ko mai nauyi kamar dutse.

Haka abin yake ko'ina. Gurasa da bandashe a Kano, fate a Zariya da Kaduna, sinasir a Maiduguri, kwaɗon zogale da cuku a Nijar. Har a Gana, wanda ya sauka a Nima cikin Akara ko a Zangon Kumasi zai tarar da waakye, shinkafa da wake da aka rina da karan dafi, wadda sunanta ma daga "wake" ya samo asali, ga tuwon zafi, ga koko da ƙosai da kowa a can ya san na Hausawa ne. Zuriyar fataken goro ce ta kai su. Mai sha'awar girki yakan dawo daga irin wannan tafiya da ƙullin daddawa ko yajin wani gari a jaka, da ɗan littafin da ya cika da ma'auni irin na gida, gwangwanin madara kaza, ludayi kaza.

Sai kyamara, inda kuɗin mutane suka fi salwanta.

Kusan duk wanda sha'awar hoto ta kama yana fara kamuwa da wata cuta: ya yi imani cewa abin da ya raba shi da hoto mai kyau shi ne na'urar da bai saya ba tukuna. Tarihin sana'ar bai goyi bayansa ba. Seydou Keïta na Mali, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, ya fara ne da 'yar Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. Da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, hasken rana na tsakar gida ne fitilarsa, zanen gadonsa ne labulen bayan hoto. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya sayi Brownie D a 1950 kan fam biyu, wani maƙwabci ya nuna masa yadda ake amfani da ita. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya, abin da kowa ke gani kullum ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, har ya tara kusan hotuna dubu. A 2013, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, an baje su a babban bikin fasaha na Benis a Italiya. Abin da mutanen nan biyu suka mallaka ido ne da naci.

Ita kanta kyamarar dijital ta farko abin tausayi ce in aka gwada ta da wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a yau. Steven Sasson, injiniya a kamfanin Kodak, shi ya haɗa ta a 1975. Nauyinta kilo 3.6, hotonta baƙi da fari mai ɗigo dubu goma kacal, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Kamfanin da ya ƙirƙiro ta ya ci gaba da dogaro da cinikin fim, har ya kai kansa kotu neman kariyar fatara a watan Janairun 2012. Su ma waɗanda suka kayar da shi waya ta kayar da su. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna an fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba.

Wannan faɗuwa gaba ta kai mai ƙaramin ƙarfi. Miliyoyin kyamarori masu lafiya da aka ajiye a Turai da Amurka da Japan sun gangaro kasuwar kayan hannu, ana samunsu a Ikeja, a Abuja, a Kano. Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3200 ta 2012, in aka ɗaura mata ido mai milimita 50, za ta yi hoton fuska da na abinci wanda ba mai raina shi. Sai dai sayen ta hannu na son nutsuwa. Kowace kyamara irin wannan tana ƙirga sau nawa ta ƙifta, kuma ƙananan an ƙera su ne su jure ƙiftawa wajen dubu ɗari. Wadda mai hoton biki ya yi shekaru yana aiki da ita ta kusa gajiya ko da jikinta na ƙyalli. A cire idon a ɗaga shi sama a duba ko akwai zare-zaren fumfuna a cikin gilashi. A ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama a duba ɗigon baƙi. A tabbatar ana samun batirinta a kasuwa. Wanda mai shago ya hana shi gwaji ya kama gabansa.

Zancen megafiksel da 'yan kasuwa ke cika baki da shi, yawanci talla ce. Hoton da za a wanke a girman inci 6 da 4, irin na albam, megafiksel biyu da ɗan ɗoriya ya ishe shi. Wanda kuma za a tura ta WhatsApp, manhajar ce ma za ta matse shi, sai in an aika shi a matsayin fayil.

To ko waya ta wadatar? Ga mafi yawan mutane, ƙwarai. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da dabaru da suka haɗa da daidaita kyamarar wayoyinsa don ta fito da baƙar fata yadda take, abin da masu ƙera fim suka yi shekaru ba su damu da shi ba. Inda waya ke gazawa uku ne: abu mai nisa, abu mai gudu, da wuri mai duhu. Wanda burinsa ya kama doki a guje ranar Hawan Daushe, a shekarar da aka yi hawa, yana bukatar kyamarar da zai iya umarta ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba ƙura da inuwa kawai zai kwaso. Hawan Sallar Kano dai ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a watan Disambar 2024. Amma wanda abin da ya dame shi kwanon abinci ne da ƙofar gari da fuskar abokin tafiya, gara ya bar kuɗin kyamara ya ƙara a na mota.

Abin da ba a saya shi ne sanin haske, kuma ranar ƙasar Hausa ba ta da sassauci. Tsakanin sha ɗaya da uku tana tsaye a ka, ta zuba inuwa a ramin ido, ta ƙona farar riga. Mutum baƙi cikin farar shadda da tsakar rana shi ne jarrabawa mafi wuya ga kowace kyamara, domin na'urar tana auna hasken wuri gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki: in ta gyara riga fuska ta nutse, in ta gyara fuska riga ta zama fanko. Maganin ba ya cin ko kwabo. A matsa da shi inuwar zaure ko ƙarƙashin darbejiya, a juya fuskarsa wajen da haske ke shigowa, a taɓa fuskar a allon waya don ta auna daga nan. Hantsi da bayan la'asar su ne lokutan da ganuwa da jar ƙasa ke fito da launinsu.

Hunturu aboki ne kuma maƙiyi. Hazo na tace rana ya ba da haske mai laushi wanda masu shagon hoto ke kashe kuɗi su kwaikwaya, amma ƙurarsa na shiga ko'ina. Ba a canza idon kyamara a fili cikin iska, ba a goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar yashi ce, karce take yi. A hure da 'yar robar hura iska tukuna. Hiramin mutumin tashar Ƙofar Ruwa ba ƙauyanci ba ne, da leda mai zif a ciki ya fi jakar tsada amfani.

Hoton abinci kuwa yana da nasa rikici, musamman abincin gida. Shinkafa dafa-duka kowa zai iya, launi ne da ita. Amma a gwada tuwo da miyar kuka: farin curi da miya mai duhun kore, in aka haska musu filasha sai su fito kamar abin da ba za a so a ci ba. Masu gwaninta sukan kashe fitilar ɗaki, su kai akushi ko kwano bakin taga ko ƙofa yadda haske zai zo daga gefe, su jingina farantin silba ko farar takarda a ɗaya gefen don ya mayar da haske kan inuwa. Ɗigon man shanu a kan miya na kama haske, barbaɗin yaji a gefe na ba da ja, hannun mai ci in ya shigo ya ba hoton rai. A yi sauri kuma, tururi ba ya jira, masu gida ma ba sa jira.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, wato izini. Kyamara ba ta ba kowa lasisin shiga rayuwar mutane. Ba a ɗaukar matar aure ko budurwa ba da yardarta ba, ba a mai da almajiri ko mai bara kayan ado a Instagram, ba a ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro ko barikin soja ko filin jirgi. A karofi ko maƙera, sallama da ɗan ciniki na buɗe ƙofar da dogon ido ba zai buɗe ba, kuma wanda aka ɗauka a nuna masa hotonsa, in da hali a aika masa. Fati Abubakar ta Maiduguri ta nuna abin da wannan ladabi ke haifarwa. Tun 2015, a shafinta mai suna Bits of Borno, ta riƙa ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki a lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bam, tana tsayawa ta yi hira da mutum kafin ta ɗauke shi. Hotunan sun kai manyan jaridun duniya.

Saura matsala ɗaya da ba a cika zancenta ba sai ta faru. Gidaje da yawa suna da hoton kaka na shekarun 1970 a cikin albam ko a bango, amma ba su da na sunan yaron da aka haifa shekara biyar da suka wuce, domin yana cikin wayar da aka sace a kasuwa ko memorin da ya daina buɗewa. Hoton da ke wuri ɗaya tak yana gab da ɓata. Mai sha'awar da ya san abin da yake yi yakan kwafe hotunan tafiya a kwamfuta ko a intanet a daren da ya dawo, sannan ya zaɓi goma kacal ya kai a wanke masa a takarda.

Mai karatu da ke da waya a aljihu da tsohuwa a gida ba sai ya jira kuɗin Yankari ba. Ranar da za ta yi daddawa ko ta kwaɓa ɗanwake, ya nemi izininta ya zauna kusa, ya ɗauki hannuwanta a bakin aiki, ya rubuta ma'aunin kuka da na kanwa yadda ta faɗa. In an wanke hoton, a rubuta sunanta da garin da shekarar a bayansa da fensir, domin tawadar biro tana cin takarda.